Leo Fender

Clarence Leonidas Fender (10 ga Agusta, 1909 – 21 ga Maris, 1991), wanda aka fi sani da Leo Fender, maƙeri ne kuma ɗan kasuwa daga ƙasar Amurka. Shi ne ya kafa kamfanin Fender mai ƙera jitar lantarki da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sautin jita ƙarfi kafin ya fito ta lasifika. Daga hannunsa aka sami jitocin Telecaster, Stratocaster da Precision Bass, da kuma amfilifayoyi masu kwalaben lantarki irin su Bassman, Deluxe da Twin Reverb. Bai taɓa koyon kaɗa jita ba, bai kuma yi karatun injiniya ba. Asalin sana'arsa gyaran rediyo ne, kuma da idon mai gyara ya tsara kusan duk abin da ya ƙera. Wannan ya fi fitowa fili a allon da yake jera kayan lantarki a kai cikin amfilifayoyinsa, wanda har yau masu gyara ke buɗewa suna aiki a kansa, shekara sittin zuwa saba'in bayan ya bar masana'anta.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Fender a gonar lemun iyayensa, Clarence Monte Fender da Harriet Elvira Wood, tsakanin garuruwan Anaheim da Fullerton a jihar Kalifoniya. Yana ɗan shekara 8 wani ƙari ya fito masa a idon hagu, aka cire idon aka sa masa na gilas. Wannan lalura ce ta sa daga baya ba a ɗauke shi aikin soja ba lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ci gaba da zama a shagonsa yayin da sa'o'insa ke fagen daga.

Ya ɗan taɓa fiyano da sakzafon yana yaro, amma hankalinsa bai zauna a kiɗa ba. Yana kusan shekara 14 ya ziyarci wani ɗan'uwan iyayensa, John West, mai shagon gyaran wayarin mota a Santa Maria, ya ga wata rediyo da mutumin ya harhaɗa da tarkacen kaya ya ajiye a gaban shago. Daga nan ya fara kwance rediyo yana ɗaurawa a gida. Ya gama makarantar sakandare ta Fullerton a 1928, ya shiga ƙaramar kwalejin garin ya karanta lissafin kuɗi. Ilimin lantarki kuwa shi ya koya wa kansa.

Bayan kwaleji ya yi aiki a wani kamfanin ƙanƙara a Anaheim, da farko yana kai kaya, daga baya yana riƙe littafin kuɗi. A wannan lokaci wani shugaban makaɗa ya ba shi aikin haɗa na'urorin lasifika domin wuraren rawa a Hollywood. Ya auri Esther Klosky a 1934, ya kama aikin akanta a ma'aikatar hanyoyi ta Kalifoniya a San Luis Obispo. Zamanin karayar tattalin arziki ne, aka sallame shi. Ya koma wani kamfanin taya, nan ma bai wuce wata shida ba aka sallame shi.

Shagon rediyo

A 1938 ya ranci dala 600 ya dawo Fullerton ya buɗe shago mai suna Fender Radio Service a titin Spadra, wanda yanzu ake kira Harbor Boulevard. Yana gyaran rediyo da garmaho, yana sayar da faya-fayai, yana kuma ba da hayar lasifika. Makaɗan yankin suka fara kawo masa amfilifayoyinsu da jitocinsu idan sun lalace. A nan ya ga inda kayan wasu kamfanoni ke gazawa: wayar da girgizar mota ke tsinkewa, abin da zafi ke cinyewa, da kayan da aka cusa a lungun da hannu ba ya kaiwa sai an kwance rabin na'ura.

A cikin masu zuwa shagon akwai Clayton Orr Kauffman, wanda ake wa laƙabi da Doc, makaɗi da ya taɓa aiki da kamfanin Rickenbacker. Su biyu suka kafa kamfanin K&F suna ƙera jitar Hawai, wadda ake kwantarwa a cinya a kaɗa, ana sayar da ita tare da ƙaramar amfilifaya. Kauffman ya janye a farkon 1946 saboda tsoron bashi, Fender ya ci gaba da sunansa shi kaɗai. A shekarar ya fitar da Princeton, Deluxe da Professional cikin akwatunan katako tsura. Daga 1948 aka fara lulluɓe akwatunan da wani yadi mai ruwan ƙasa irin na jakar tafiya, wanda ake kira tuwid, har sunan ya bi dukan amfilifayoyin shekarun 1950.

Yadda ya tsara amfilifaya

Kwalbar lantarki ƙaramar kwalba ce ta gilas da aka zuƙe iskar cikinta. A ciki akwai wani siririn ƙarfe da ke yin ja idan ya ɗau zafi, kuma ƙaramin motsin lantarki da ya fito daga jita shi ke sarrafa babban lantarkin da ke ratsa kwalbar. Haka ƙaramin sauti ke zama babba. Kafin zuwan taransista, da irin waɗannan kwalabe rediyo da talabijin ke aiki. Suna buƙatar lantarki mai ƙarfi, sau da yawa sama da volt 400 a manyan amfilifayoyi, kuma suna fitar da zafi sosai.

Fender bai ƙirƙiro sabuwar hanyar ƙara sauti ba. Tsarin da'irorinsa ya samo asali ne daga littafin kwalabe na kamfanin RCA da kuma fasahar Western Electric, kuma takardar da ake mannawa a cikin akwatin tsofaffin amfilifayoyinsa ma ta ambaci lasisin da aka karɓa. Gwanintarsa tana wajen jeri da haɗi. Amfilifayoyinsa na farko an haɗa su ne kai tsaye, ƙafar wannan abu a like da ta wancan, kamar yadda ake yi wa rediyon lokacin. Ba a daɗe ba ya koma amfani da allo.

Allon doguwar falle ce ta baƙin kwali mai tauri, wanda aka sarrafa daga zaren auduga ko takarda. An huda shi an dasa ƙananan zobban tagulla, irin waɗanda ke ramin igiyar takalmi. Kowace rizista da kowace kafasita tana kwance a sarari tsakanin zobe biyu, an zura ƙafafunta an cika zoben da dalma. A ƙarƙashi akwai wata fallen marar zobe da ke raba allon da tiren ƙarfen da ya ɗauki komai, sannan 'yan sukurori ƙalilan ke riƙe su. Mazaunin kwalabe, maɓallan murɗawa da ramukan da ake soka wayar jita duk a jikin ƙarfen suke, ba a kan allo ba, wayoyi masu rigar zare ne ke haɗa su da allon. Saboda haka zafin kwalba ba ya gasa allon kai tsaye, kuma idan makaɗi ya taka waya ya fizge ta, ƙarfe ne ke shan wahalar.

Amfanin wannan ga masana'anta shi ne ma'aikaci na iya cika allo a kan tebur yana bin zane, ba sai ya san ilimin lantarki ba. Yawancin masu wannan aiki a Fullerton mata ne, da yawansu 'yan asalin Meziko, kuma a shekarun 1950 sukan rubuta sunansu a guntun salatif su manna a cikin tiren da suka haɗa. Amfaninsa ga mai gyara ya ma fi haka. Kamfanin yakan fitar da zane iri biyu ga kowane samfuri, ɗaya na da'irar lantarki, ɗaya kuma hoton yadda kaya ke kwance a kan allo, tare da adadin volt da ya kamata a samu a wurare daban-daban. Mai gyaran rediyo a ƙaramin gari, wanda bai taɓa ganin amfilifayar jita ba, zai iya auna wuri, ya gano abin da ya mutu, ya narka dalmar zobe biyu, ya ɗaga shi ya sa sabo cikin 'yan mintuna.

Lambobin da aka ba da'irorin ma suna da ma'ana. A 5F6-A, lamba 5 na nufin shekarun 1950, harafin F zubin da aka kai, 6 kuma lambar Bassman ce. A shekarun 1960 salon ya sauya: AB763 na nufin zubi na biyu na tsarin watan 7 na 1963.

Jitoci

Tunani ɗaya ne ya bi jitocinsa. A al'adar maƙeran jita, wuya ana manna shi ne da jiki da gam, idan ya karkace ko ya karye sai gwani ya yi kwanaki a kai. Fender ya ɗaure nasa da sukurori huɗu, yadda za a kwance a sa wani. Jikin kuwa guntun katako ne marar rami. Esquire da Broadcaster sun fito a 1950. Kamfanin Gretsch ya yi ƙorafi domin yana da ganguna masu suna Broadkaster, sai aka sauya sunan zuwa Telecaster a 1951, ana kwaikwayon kalmar talabijin da ke tashe a lokacin. Kafin sabon suna ya iso, ma'aikata sun riƙa yanke tsohon sunan daga tambarin da aka riga aka buga suna amfani da ragowar, domin Fender ba mai zubar da kaya ba ne. Precision Bass ta fito a 1951, Stratocaster a 1954, Jazzmaster a 1958, Jazz Bass a 1960, Jaguar a 1962. A wannan aiki yana tare da George Fullerton, Freddie Tavares da Forrest White, yayin da Don Randall ke kula da talla da sayarwa, kuma shi ya raɗa wa yawancin kayan suna.

Akwai wani rikicin kalmomi da ya samo asali daga nan. A harshen makaɗa, tremolo hawa da saukar ƙarfin sauti ne, vibrato kuma hawa da saukar kaifinsa. Fender ya juya su: sandar Stratocaster mai sauya kaifin sauti ya kira ta tremolo, sashen amfilifaya mai sauya ƙarfi kuma aka rubuta masa vibrato. Kuskuren ya zauna daram, har yau haka masu jita ke faɗa a ko'ina.

Bassman, Showman da shekarun 1960

Abokan cinikinsa na farko makaɗan kiɗan karkarar Amurka ne da ke wasa a manyan zaurukan rawa, irin ƙungiyar Bob Wills. Abin da suke so shi ne sauti mai ƙarfi kuma tas, ba gurnani. Fender yakan ba su sabon samfuri su tafi da shi wasa, su dawo su faɗa masa aibinsa, ya gyara. Duk rayuwarsa yana yaƙi ne da gurɓatar sauti. Abin mamaki, gurnanin da kwalabe ke yi idan aka murɗa su har ƙarshe, wanda shi yake ɗauka a matsayin gazawa, shi ne abin da makaɗan bulus da rok suka zo suna nema a kayansa.

An yi Bassman a 1952 domin jitar bes. Zubinta na ƙarshen shekarun 1950, wato 5F6-A mai lasifika huɗu 'yan inci 10, masu jita ne suka karɓe ta. A Landan, Jim Marshall da abokan aikinsa Ken Bran da Dudley Craven suka bi da'irarta kusan ƙafa da ƙafa suka fitar da JTM45 a 1962, da kayan da ake samu a Ingila da lasifikan Celestion. Jerin da aka yi a sarari domin mai gyara ya gane, shi ne ya sauƙaƙa wa mai kwaikwayo.

Dick Dale, makaɗin da ke cika zaure a gaɓar tekun Kalifoniya, ya ƙona amfilifayoyi da lasifikai da dama saboda tsananin ƙarar da yake so. Domin shi aka yi Showman a 1960, da babbar taransifoma da lasifikar JBL mai inci 15. A 1961 kamfanin ya fitar da na'urar amsa-kuwwa mai amfani da sifirin, bisa lasisin kamfanin Hammond, kuma daga 1963 aka riƙa sa ta cikin amfilifaya. Samfuran 1963 zuwa 1967 masu baƙar fuska, irin su Twin Reverb, Deluxe Reverb da Super Reverb, su ne da yawa ke ɗauka a matsayin ƙololuwar aikinsa.

Sayar da kamfani da abin da ya biyo baya

Fender ya daɗe yana fama da ciwon hanci mai naci, har ya ɗauka kwanansa ya kusa ƙarewa. A Janairun 1965 aka sayar da kamfanin ga CBS a kan dala miliyan 13, ya sa hannu cewa ba zai yi gogayya da su ba har shekara 10, ya zauna a matsayin mai ba da shawara. Bayan ya sauya likita ya warke.

A 1966 sabbin masu kamfanin suka fitar da amfilifayoyin taransista. Ba su karɓu ba, sun yi suna wajen lalacewa da wuyar gyara, cikin 'yan shekaru aka daina yin su. Masu kwalabe kuwa aka ci gaba da haɗa su a kan allon zobba har cikin shekarun 1980, kodayake an sassauya da'irori daga ƙarshen shekarun 1960.

Fender ya zuba kuɗi a kamfanin da Forrest White da Tom Walker suka kafa a 1971, wanda ya koma Music Man, ya zama shugabansa a 1975 bayan wa'adin yarjejeniyar ya cika. A can ya fitar da bes ɗin StingRay a 1976. Daga nan shi da George Fullerton da Dale Hyatt suka kafa G&L, sunan da aka ɗauko daga haruffan farko na George da Leo.

Iyali da rasuwa

Matarsa Esther ta rasu a 1979 sakamakon ciwon daji, ya auri Phyllis a 1980. Ya yi fama da cutar Parkinson da shanyewar jiki a ƙarshen rayuwarsa, amma bai daina zuwa wurin aiki ba. Ya rasu a Fullerton ranar 21 ga Maris, 1991, aka binne shi a maƙabartar Fairhaven da ke Santa Ana. An shigar da sunansa zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a 1992, aka kuma ba shi lambar Grammy ta fasaha a 2009.

Allunansa a hannun masu gyara

Allon zobba yana da rauni ɗaya babba, wanda bai bayyana ba sai da shekaru suka ja. Kwalin yana shan danshi. Idan amfilifaya ta daɗe a ɗaki mai laima, ko ƙura da hayaƙin taba da ragowar man dalma suka taru a kai, allon da aka yi domin ya hana lantarki wucewa sai ya fara barin sa yana tsiyaya. Zoben da ke ɗauke da volt 200 ko fiye na iya zama dab da wanda ke kai ƙaramin sauti zuwa kwalba, kuma ɗan abin da ya tsallaka ya isa ya kawo ƙarar tartsatsi, ko ƙaiƙayin sauti duk lokacin da aka murɗa maɓalli, ko da an sa sabon maɓallin. Kakin da aka riƙa shafa wa allunan a shekarun 1970 ma yakan riƙe datti ya ƙara matsalar. Danshi kuma na sa allon ya kumbura ya lanƙwashe, har dalma ta tsage ko ƙafar rizista ta tsinke.

Masu gyara na gano tsiyayar ne da mita: tsinke ɗaya a jikin ƙarfe, ɗaya a kan tsurar allon kusa da zoben da ake zargi. Allo mai lafiya bai kamata ya nuna komai ba. Idan ya nuna, matakin farko shi ne wanke shi da sinadarin barasa na goge kayan lantarki, a busar da shi da iska mai zafi a hankali, sama da ƙasa, har da fallen da ke ƙarƙashi. Idan wuri ɗaya ne ya ƙi, ana iya ɗaga haɗin daga zoben a mayar da shi kan wani ɗan maƙali daban. Inda rizista ta ƙone ta babbake allon kuwa, dole a kankare baƙin gaba ɗaya, domin gawayi na ɗaukar lantarki. Aiki ne mai hatsari: manyan kafasitocin da ke tace wuta na riƙe ɗaruruwan volt bayan an zare filogi, kuma sai an sauke su ta rizista an auna kafin a sa hannu.

Maye gurbin allon baki ɗaya shi ne mataki na ƙarshe, kuma a nan ake samun saɓani. Sabon allo na zaren gilas ba ya shan danshi, kuma tun da zanen jerin yana nan, ana iya huda shi daidai da na asali a kwashe kayan a mayar ɗaya bayan ɗaya. Amma masu tara tsofaffin kaya na rage wa amfilifaya daraja sosai idan allonta ba na asali ba ne, wasu ma ba sa son a taɓa dalmar masana'anta. Makaɗin da ke neman abinci da ita yana da tasa hujjar, domin na'urar da ke tartsatsi a tsakiyar wasa ba ta da amfani a gare shi. Idan aka dubi yadda Fender ya tsara kayansa, da wuya a ce yana tare da masu hana taɓawa. Matsakaicin ra'ayi da masu gyara da yawa ke bi shi ne a sauya kafasitocin da suka bushe da tsohuwar wayar wuta mai ƙafa biyu saboda tsaro, a ceci allon muddin zai cetu, a kuma ajiye wa mai kaya duk abin da aka cire.

Lokacin da kamfanin Fender, wanda ma'aikatansa suka saya daga CBS a 1985, ya sake fitar da Bassman ta 1959 a 1990, da bugaggen allo na zamani ya yi ta, mai siraran hanyoyin jan ƙarfe a manne. Irin wannan allo ya fi araha a masana'anta, kuma kowane ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa, sai dai hanyoyin na iya ɗagowa idan ƙarfen dalma ya daɗe a kansu, kuma sau da yawa sai an kwance maɓallai an juya allon kafin a kai ga bayansa. Wannan ya haifar da wata 'yar sana'a: masu gyara na cire bugaggen allon daga sababbin samfuran su dasa na zobba da aka haɗa da hannu bisa zanen 5F6-A ko AB763. Kamfanin da kansa ya dawo yana sayar da wasu samfura masu allon zobba, a farashin da ya ɗara na sauran.